Omeprazol: guda nawa ake sha, kuma me ya sa ƙwannafi ke dawowa in an bari?

Telan Mokoyo:

Salamu alaikum jama'a. Ni tela ne a nan Maradi, shagona yana Mokoyo, shekaruna 46. Tambaya gare ni kan maganin nan omeprazol, kafso mai miligiram 20, wanda mutane ke kira maganin olsa.

Ƙwannafi ne ya sa ni gaba. Daga ƙahon zuci yake farawa, zafi ya bi ƙirji ya hau har maƙoshi, wani lokaci in yi gyatsa ruwa mai tsami ya biyo ta har cikin baki. Da rana ina kan keke abin da sauƙi. Dare ne ba dama. Mu teloli ba mu da lokacin cin abinci, balle in salla ta matso, shadda ta taru, kowa na son nasa kafin jajibiri. In aka kawo wuta sai mu zauna kan surfani har ƙarfe ɗaya, yaran shago na dafa shayi, ni kuma na farkon nan mai ɗaci shi ne nawa. In na koma gida mai ɗakina ta rufe mini tuwo a kwano, in ci, in wanke hannu, in miƙe a katifa. Kafin kiran assalatu zafi ya tashe ni.

Bara gabanin sallar layya na tafi likita a unguwarmu, aka rubuta mini omeprazol na wata guda. Gaskiya na ji daɗinsa, har na manta da wani abu wai shi ƙwannafi. Yana ƙarewa zafin ya dawo, ni a jina ma ya fi na da. Tun daga nan nake saye da kaina, wani lokaci a farmasi, wani lokaci wurin mai tebur a bakin kasuwa, don shi yana yanko maka ƙwaya biyu ko uku gwargwadon kuɗin da ke hannunka. Yadda nake sha kuwa, in na ci abinci na ji alamar zafi sai in haɗiye ɗaya. In dare ya yi bai lafa ba in ƙara ɗaya. Ran da na ci tsire da yaji har uku nakan sha.

To yanzu wasu abubuwa sun shigo. Ciwon kai da hantsi, ciki na cika da iska, sannan da dare jijiyar sha-raɓa takan ɗaure mini har sai na tashi na taka ƙasa. Mai ɗakina ta ce maganin ne. A fada, wurin hirarmu, wani ya ce yana kashe ƙoda, wani kuma ya ce shi ya shekara biyar yana sha ko gezau. Na rasa na kamawa.

Don Allah wanda ya sani ya taimaka. Guda nawa ne ƙa'idarsa a yini, kuma kafin abinci ko bayansa? Har tsawon wane lokaci ake sha? In kuma da gaske yana da illa, yaya mutum zai rabu da shi alhali da ya bari wutar ke tashi?

Direban Dan Issa:

Wa alaikumus salam tela, Allah shi ƙara sauƙi. Mu da ke bisa hanya kullum duk hakanan muke fama. Ni hwa na bar wahal da kaina da kafso. Ungurnu nika jiƙawa cikin gora in aje gefen kujera, da na ji zahi in kurɓa, in yi gyatsa guda, shi ke nan ya wuce. In ko da nono kusa, hura mai sanyi ta hi komi. Akwai kuma wani da anka ba ni Jibiya, ranitidin, shi ma shina aiki ƙwarai. Ka gwada.

Ma'aikaciyar farmasi:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba da lafiya. Ina aiki a wani farmasi nan cikin gari, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ban yi wannan bayani a bakin kanta ba, don haka ka yi haƙuri da tsawon zancena.

Omeprazol ba ya cikin magungunan da ake sha in zafi ya taso. A jikin bangon tumbi akwai wasu ƙananan famfuna masu fitar da asid, kuma abinci ne ke tayar da su. Maganin yana iya toshe famfon da ya tarar yana aiki ne kawai, shi kuma ba ya daɗewa a jini, cikin ƴan awoyi ya fita. Saboda haka dole ya riga abinci shiga jini, ya zauna yana jira. Shi ya sa ake shan sa da safe ciki babu komai, da ruwa, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Famfon da ya toshe kuwa ya tosu ke nan sai jiki ya ƙera sabo, dalilin da ya sa ƙwaya ɗaya ke riƙe mutum yini da kwana. Yadda kake sha bayan ka ci, asid ya riga ya zubo, maganin ya zo a makare. Ta biyu da ta uku da kake ƙarawa kusan asarar kuɗi ce. Kuma ba ranar farko yake nuna ƙarfinsa duka ba, sai an jera kwana 3 zuwa 4 ana sha a kan lokaci.

Ƙa'idarsa ga babban mutum miligiram 20 ne sau ɗaya a yini. Ga ƙwannafi ana yin mako 4 zuwa 8. Gyambon da ke farkon hanji mako 4 yakan ishe shi, na cikin tumbi yakan kai mako 8. Akwai masu shan 40, ko 20 safe da yamma, amma wannan likita ne ke yanke shi, kuma ta yamman kafin abincin dare ake shan ta, ba lokacin kwanciya ba. Wanda ya saya da kansa ba tare da an duba shi ba, kada ya wuce kwana 14. In bai ji sauƙi ba, ko ya bari abin ya dawo, sai likita. In ka manta da safe ka tuna kafin abincin rana ka sha, amma kada ka haɗa biyu washegari.

Kada a tauna shi. In ka buɗe kafson za ka ga ƴan ƙananan tsaba, kowace an lulluɓe ta ne don ta ratsa tumbi ba ta narke ba, domin asid ɗin da maganin ke yaƙa shi ma yana lalata maganin. Tsofaffin da ba sa iya haɗiya ana iya buɗe musu a zuba tsabar a cokalin yawur su haɗiye ba taunawa. Dakawa ko jiƙawa cikin kunu mai zafi ɓata shi ne.

Ciwon kai da kumburin ciki da ka faɗa suna cikin illolinsa da aka fi gani, tare da zawo ko taurin bayan gida da tashin zuciya. Duk suna rubuce a takardar da ke cikin kwalin. Sai dai mutumin da ke kwanciya ƙarfe biyu da shayi a cikinsa ba a rasa wani dalilin ciwon kai gare shi ba, don haka ba zan ɗora wa maganin shi kaɗai ba.

Batun mai tebur, ba wai ina kare kasuwarmu ba ne. A jikin kwalin an rubuta a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba, kuma a kiyaye shi daga laima. Ka san yadda Maradi take a Afrilu da Mayu, a inuwa ma ana haura 40, balle a kan tire cikin rana. In an yanka kati da almakashi kuma kwanan ƙarewar wa'adi ya tafi da ɗaya ɓarin. Ka shiga farmasi ka ce jenerik kake so, wato mai sunan omeprazol kawai ba sunan kamfani ba, ba shi da tsadar da mutane ke tsoro. Mopral da ake rubutawa da omeprazol abu guda ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta su.

Malam direba, ranitidin ɗin nan ka ajiye shi. A 2020 hukumomin magani na Amurka da na Turai suka dakatar da shi saboda an samu wani sinadari mai suna NDMA a ciki, wanda ake zargi da haddasa kansa, kuma yawansa yana ƙaruwa in maganin ya daɗe a ajiye ko ya sha zafi. In irinsa kake so akwai famotidin, shi ba a hana ba.

Tsohon majo:

Salamu alaikum. Abin da ɗiyata ta farmasi ta faɗa haka yake, ba ni da gyara. Ni tambaya zan yi maka Malam tela, ka amsa mini tsakani da Allah. Mutumin da ke duƙe kan keke tun hantsi har ɗayan dare, me yake sha na ciwon baya? Na daɗe ina majo, wato ma'aikacin jinya, a CSI, ƙaramin asibitin gwamnati, kafin in yi ritaya, da wuya in ga tela ko direba ko mai faskare da babu wata ƙwayar gajiya a aljihunsa.

Dalilin tambayata shi ne, mutane sun ɗauka yunwa da yaji ke kawo gyambon ciki. Suna tsananta zafin dai, amma manyan masu kawo gyambon biyu ne. Na farko magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, ibuprofen, aspirin da piroksikam, waɗanda ke rage majinar da ke kare bangon tumbi. Na biyu wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori. Lokacin da muke makarantar koyon aikin jinya cewa ake yi damuwa ce da yawan asid, ana ba mutane madara da abinci maras yaji. Wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ƙwayar a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ruwan da ya rena ta a ciki a 1984, cikinsa ya kumbura, aka leƙa aka gani. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ƙwayar tun ana yara ake ɗaukarta, ta baki, ta abinci da ruwa, kuma yawancin masu ita ba sa jin komai har su tsufa. Wanda ta yi wa gyambo kuwa, omeprazol zai warkar da gyambon amma ba zai kashe ta ba, yana bari ta sake sabo. Maganinta haɗi ne na kwana 10 zuwa 14: omeprazol safe da yamma tare da antibiyotik iri biyu, kamar amoksisilin da klaritromisin ko metronidazol, wani lokaci a ƙara na huɗu. Ba a sayensa da ka. Sai an auna, kuma awon bayan gida ko na numfashi shi ke nuna tana nan yanzu. Na jini yana iya nuna ta ko da an kashe ta tun shekaru.

Amma fa abin da ka siffanta, zafi mai hawa maƙoshi da ruwan tsami cikin dare, ya fi kama da asid mai komowa sama. A bakin tumbi akwai wata tsoka mai tsukewa bayan abinci ya wuce. In ciki ya cika dam da tuwo ka kwanta a miƙe nan take, ba abin da zai hana ruwan ciki gangarowa ƙirji. Shayi mai kauri, taba, goro, abinci mai maiƙo da tumbin da ya fara fitowa duk suna ƙara sassauta wurin ko su matsa shi. Wannan ko an kashe helikobakta ba zai tafi ba sai ka gyara dare. A bar awa 3 tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. A ɗaga wajen kai na gado kamar santimita 15 zuwa 20, da bulo a ƙarƙashin ƙafafun gadon. Tara matasai ba ya yi, lanƙwasa ka yake yi ya ƙara matse cikin. Yanzu da ake kwana a tsakar gida, a cusa wani abu ƙarƙashin katifar daga kafaɗa zuwa kai. Kwanciya ta hagu ta fi rage shi.

Ga abin da ba a jira da shi, ga kai da duk mai karantawa. Bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi da mugun wari, in dai ba ƙwayar ƙarin jini kake sha ba, jini ne daga sama. Haka aman jini, ko amai mai baƙin gari-gari. Sai abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji, ko rama ba dalili, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko idanu da tafin hannu su yi fari. Wanda ya haura 50 abin ya fara masa sabo shi ma kada ya tsaya kan kafso. Waɗannan fibroskopi suke so, a zura tiyo mai kamara a leƙa, domin omeprazol yana iya kwantar da zafin kansar tumbi mutum ya yi ta zama har lokaci ya ƙure. Zafin ƙirji kuma mai danna mutum, mai tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa da haki, na sha ganin an kira shi olsa alhali zuciya ce. Wannan asibiti ake nufa a daren.

Direba, kanwa tana aiki, ban musa ba. Tana kashe kaifin asid nan take, gyatsar da kake yi iskar da haɗuwarsu ta haifar ce. Amma gishirin sodiyam ne cike da ita, ba ta da ma'auni, kuma kai da ke zaune yini guda bayan sitiyari ban san yaushe rabonka da awon hawan jini ba. Nono ma sanyaya wurin yake na ɗan lokaci, daga baya ya sa tumbi ya ƙaro asid. In na gaggawa kake so akwai Maalox da Gaviscon, an san abin da ke cikin kowane cokali.

Telan Mokoyo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, ashe lokacin shan ne duk maganar. Gobe in Allah ya kai mu zan ajiye shi kusa da buta, in sha da na tashi asuba, kafin a dama koko an yi fiye da rabin awa.

Baba Majo, sai ka ce kana zaune a shagona. Diklofenak mai 50 nake sha saboda ƙugu, safe da yamma in aiki ya yi yawa. Akwai kuma wani kafson gajiya da yara ke sayowa, mu raba da shayi. Yanzu na sa aka ɗauko mini katin na duba bayansa da fitilar waya, an rubuta ibuprofen, parasetamol da kafeyin. Bayan gida lafiya lau, ba baƙi ba jini. Rama kuwa babu ita, ni da ke riƙe da tef na san ƙuguna ƙaruwa ya yi, wandon bara sai da na buɗe shi. Taba ba na sha, goro dai ina ɗan taɓawa.

To in awon ƙwayar cutar nan zan yi, in bar omeprazol ɗin daga gobe ke nan?

Tsohon majo:

A'a, kada ka bar shi gobe. Diklofenak da ibuprofen gida ɗaya suka fito, kana shan biyu a tare, wataƙila omeprazol ɗin nan da ake zargi shi ya tsare ka daga aman jini duk tsawon lokacin nan. Kai tela ne, ka san in ƙusa ta fito a benci tana yaga wando, ba a daina faci a bar ƙusar. Ita ake fara cirewa.

Ka ajiye diklofenak da kafson gajiyar nan tun yau, kuma ka hana yaran shagonka. Ga ƙugu ka sha parasetamol, miligiram 500 guda ɗaya ko biyu, tsakani awa 6, kada ka wuce giram 3 a yini in ba likita ya ce ba. Akwai diklofenak na shafawa, kaɗan ne ke shiga jini, ya fi sauƙi ga ciki. Sannan ka duba kujerarka da tsayin teburin keken, ka riƙa miƙewa kana taka ƙafa lokaci zuwa lokaci. Abokinka na fada da ya ce omeprazol na taɓa ƙoda bai yi ƙarya ba, yakan kumbura ta ga wasu ƴan kaɗan. Amma a garin nan wanda na fi jin tsoro ga ƙoda shi ne mai shan diklofenak kullum cikin zafin bazara, yana zufa ba ya shan ruwa.

Ka zuba duk katunan da kake sha a leda, har da na mai tebur, ka kai wa likita ya gani da idonsa. Ka roƙi awon jini na NFS, mai ƙirga ƙwayoyin jini, don a ga ko jini na zurarewa a ɓoye, da kreyatinin na ƙoda, da magnesiyam in ana yi. Awon helikobakta yana son mutum ya yi mako 2 ba omeprazol, mako 4 ba antibiyotik, in ba haka ba sai ya nuna babu alhali tana nan. Shi likitan zai tsara maka yaushe za ka tsaya, bayan cikin ya huta daga magungunan ciwon jiki.

Madam ta Ali Dan Sofo:

Salamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, ba ma'aikaciyar lafiya ba, abin da ya faru da Innarmu kawai zan faɗa ko wani zai amfana. Ta daɗe tana shan omeprazol, mu muke saya mata duk wata tare da metformin na sukari. Da ta samu shanyewar ɓarin jiki aka ɗora ta kan klopidogrel, mai hana jini daskarewa. Ba wanda ya tambaye mu me take sha a gida, mu ma ba mu kawo komai a rai ba, tunda maganin ciki ne. Sai da muka koma awo ƙanwata ta zazzage jakar magungunan a kan tebur, likitan ya ɗauki katin omeprazol ya ce wannan ba ya tafiya da klopidogrel, yana rage masa ƙarfi. Ya canza mata zuwa pantoprazol. Ya kuma ce ita ba za ta daina maganin ciki ba, saboda ta taɓa yin baƙin bayan gida shekarun baya.

Dama ta daɗe tana kukan tafin ƙafa na yi mata zugi da sagewa, muna cewa sukari ne. Da aka auna sai ga bitamin B12 ya yi ƙasa, aka yi mata allurai, ta samu sauƙi sosai ko da yake bai tafi duka ba.

Tambayata ga Malama ta farmasi: Inna ba ta yarda ta sha azumi, ko me za a ce mata. Yaya ake shan irin wannan magani a watan Ramadan?

Ma'aikaciyar farmasi:

Madam, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Likitanku ya yi daidai. Klopidogrel sai hanta ta sarrafa shi kafin ya yi aiki, omeprazol da ɗan'uwansa esomeprazol kuma suna tare wannan hanyar. Tun 2009 aka fitar da gargaɗi a kai. Ba shi kaɗai ba ne. Wasu magungunan masu ɗauke da cutar sida, kamar atazanabir da rilpibirin, ba sa shiga jiki sosai in asid ya yi ƙasa, haka ketokonazol na ƙwaya da maganin ƙarin jini. Mai shan maganin farfaɗiya fenitoyin ko warfarin shi ma ya faɗa kafin a ba shi. B12 kuwa asid ne ke ɓanɓaro shi daga nama da ƙwai, in an shekara biyu ko uku ana danne asid yana iya raguwa, metformin ma yana rage shi ta nasa ɓangaren. Inna ta haɗa biyun.

Azumi: in sau ɗaya ne, a tashe ta da wuri ta sha minti 30 kafin sahur. Na san gidaje da yawa ana tashi ne a gurguje, to akwai wata dabara. A buɗe baki da ruwa da dabino, a haɗiye maganin, a yi sallar magariba a natse, sannan a zauna ga abinci. Mai sha sau biyu ya yi duka biyun. Amma mai sukari da ta taɓa shanyewar jiki, maganar azuminta ta wuce ta omeprazol, ku zauna da likitanta da malamin da take jin maganarsa tun kafin wata ya tsaya.

Malam tela, saura ɗaurewar jijiyarka da yadda za ka sauka. Omeprazol yana iya rage magnesiyam a jini, ga wasu bayan wata 3, amma an fi gani ga wanda ya haura shekara. Alamarsa ɗaurewar tsoka, karkarwa, bugun zuciya ba daidai ba, in ya tsananta har suma da fizge-fizge. Taka keke yini guda da zufa su ma suna ɗaure sha-raɓa, awon da Baba ya ce shi zai raba gardama. Sauran abin da ake lura da shi ga masu dogon sha: ƙashi yakan yi rauni, an ga ƙarin karayar ƙugu da wuyan hannu da gadon baya musamman ga tsofaffi, sannan zawo na saurin kama mutum, domin asid ɗin nan shi ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa da ke shigowa da abinci da ruwa. A wurinmu da damina ba ƙaramar magana ba ce wannan. Ban faɗi haka don a tsorata ba. Maganin yana kasuwa tun 1988 da kamfanin Astra na Suwidin ya fito da shi, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma irin su Inna amfaninsa gare su ya rinjayi illarsa nesa ba kusa ba.

Dawowar zafin da ka ce ya fi na da, ba zato kake ba. In aka daɗe ana danne asid, jiki yana ƙara sinadarin gastirin mai umartar tumbi ya fitar da shi. Ran da aka cire maganin kwatsam sai asid ya zubo fiye da yadda yake tun farko. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya daidaita, wani ya ɗan fi haka, kuma a nan ne mutane ke cewa ciwon ya dawo su koma saye. Shi ya sa ake sauka a hankali. Kai yanzu ka fara komawa ɗaya tak da safe, ka riƙe haka ƴan makonni tare da gyaran dare. In likita ya ce a sauka, akan koma miligiram 10, ko a sha yau a tsallake gobe, sannan a bari. Ranakun da zafi ya taso ka sha Gaviscon ko Maalox bayan abinci da lokacin kwanciya, ka bar awa 2 tsakaninsu da sauran magunguna. Mai ciwon ƙoda kada ya sha Maalox sai ya tambaya.

Telan Mokoyo:

Madalla. Na yi magana da mai ɗakina, daga yau yaro zai riƙa kawo mini tuwon shago bayan magariba, in na koma gida ruwa kawai. Ta ce dama ita ta gaji da ɗumame ƙarfe ɗayan dare. Bulo biyu na nan bayan ɗaki ragowar gini, an sa su. Litinin zan tafi likita da ledar katunan. Kafson gajiya kuma na karɓe na hannun yara, babban cikinsu har da ɓata rai, wai shi ba ya jin komai a cikinsa.

Abu guda ya rage, Baba Majo, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Shayin fa? In na bar shi gaba ɗaya wallahi allura za ta hau yatsana kafin sha ɗaya.

Tsohon majo:

Ban ce ka bar shi ba. Ka bar wa yara na farko, ka jira na biyu ko na uku da ya yi sassauci, kuma bayan ka ci abinci, ba da ciki wayam ba. Su daina sa maka na'ana'a, tana sassauta bakin tumbi. Daga isha'i ka rufe kofi. Ka gwada haka mako biyu, in zafin daren bai ragu ba ka faɗa wa likitan, wataƙila ya mayar maka da ƙwayar kafin abincin yamma maimakon safe, tunda naka da dare yake tashi.